Injin Ramlatu Da Teburin Da Baya Son Motsi

Litinin 6 ga wata huɗu, bayan la'asar

Bismillahi. Ni ne Badamasi wanzami na Rurum Tsohon Gari, wanda ake cewa Hannun Dutse. Duk Rano da Kibiya in ka tambayi wanda yake yiwa jariri aski yana bacci bai farka ba, ni za'a nuna maka. Bokona na yaƙi da jahilci ne, shima malamin ne ya gaji ba ni ba. In kaga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Yau an ƙara min girma a cibiya. Cibiyar nan ta 'yan jami'a da suka gina bayan gari akan fa, sabida wai dutsenmu baya motsi. Da can shara nake da goge sola. Yanzu ni ne mai riƙon iska.

Ga yadda abin yake. A ɗakin ciki akwai tebur na ƙarfe, yafi saniya biyu nauyi, amma ba a ƙasa yake zaune ba, akan iska yake. Ƙafarsa huɗu, kowacce da iska a ciki kamar taya. A kansa akwai ƙananan madubai da wata jar wuta siririya kamar zare, leza sunanta. Da ita Malama Mu'minat take awon abinda gashin jariri ma gungume ne a kusa dashi. Ita ɗaliba ce, da wannan awon zata zama dakta. In teburin ya motsa ko yaya, aikin ranar ya lalace.

Toh abinda yake daidaita iskar da kansa ya mutu, sabon kuma sai daga waje, ba'a san ranar zuwansa ba. Shine Dakta Shamsuddeen, shugaban gurin, yace ana son mutum ya zauna gefen tebur, hannunsa akan famfon iska, idonsa akan allurar agogon iska, in ta sauka ya murɗa a hankali. Famfon a jikin ƙafar teburin yake ɗaure.

Yace waye mai natsattsen hannu a nan?

Nace Dakta, wannan tambayar ma cin fuska ce.

Laraba 8, azahar

Ɗakin sanyi ƙalau, waje kuwa bazara tana gasa mutane kamar tsire. Ba'a shiga da takalmi, ba'a tari, ba'a dariya. Na ukun nan ne yake min wuya.

Akan teburin an manna wasu 'yan gwangwanaye, Malama tana ce musu kunne. Su suke jin motsi, su zana layi a kwamfuta. In lafiya lau, layin a kwance yake kamar macijin da ya ƙoshi. In tirela ta wuce ta hanyar Rano sai ya ɗan ɗaga kai. In shanun Fulani sun gangaro rafi yayi 'yar tsalle. Kowa ta san zanensa. Tace Baba Badamasi har tafiyarka na sani. Nace ai dole, tafiyar manya ce.

Alhamis 9, bayan la'asar

Anyi baƙo a kwamfuta. Layin ya zama haƙoran zarto, Malama tace kusan sau biyar yake bugawa a sakan ɗaya, baya tsayawa. Awon yau ya tafi a banza. Nace wataƙila mutanen ɓoye ne suke daka a cikin dutsen, a basu goro. Dakta bai yi dariya ba. Ya fita waje ya tsaya a rana yana saurare. Can gindin fa sai tuk tuk tuk tuk.

Injin niƙan Ramlatu.

Ramlatu matar yayana Alu ce, Allah ya jiƙansa. Injin nan shi kaɗai ya bar mata, dashi take riƙe da yara. Tsohon mai gas ne, tun ina da gashi baƙi yake wannan tarin. Kuma akan dutse ɗaya yake da cibiya.

Dakta yace bugunsa ma kusan biyar ne. Nace ashe.

Asabar 11, hantsi ya wuce

Munje gurin injin da tsofaffin tayoyi. Wai in aka ɗora shi akan roba, girgizar bazata shiga dutse ba. Ramlatu ta fito fari fat da gari har gira.

Tace yau kuma sarkin ƙarya da 'yan boko ya zo?

Nace matar yaya, injinki ne yake hana ilmi zama a ƙasar Rano.

Tace injina yana nan kafin a haifi teburinku. Kai kuma da ka cika su da surutu bai motsa ba, sai injina?

Malama ta rufe baki da mayafi. Mun ɗaga injin da gungume da ƙarti shida, ni nake bada umarni, sabida kowace runduna da sarkin yaƙinta. Aka zuba tayoyi, aka haƙa 'yar kwata a kewaye aka cika da yashi. Ramlatu ta bamu kunu. Tace in dai wannan zai sa ku barni, ku ɗora har ni ma akan taya.

Kunun ya zubo min a riga. Kofin ne bashi da mariƙi.

Litinin 13, la'asar

Zarto yana nan.

Talata 14, da safe

Iya mahaifiyata ta fara rowa da tsufanta. Koko rabin kwano take zubo min yanzu. Nace Iya an daina yin gero a duniya ne? Tace sha Auta, in ka shanye in ƙaro. Mutum da jika a hanya ana ce masa Auta. Hadiza 'yata watanta ya tsaya, yau ko gobe.

Talata, bayan azahar

Dakta yace gobe za'a gwada. Za'a roƙi Ramlatu ta kashe injin wuni guda. In layi ya kwanta, shi ne. In bai kwanta ba, ba shi bane, a nemi wani.

Magana mai kyau. Haka ake bincike.

Ni gobe zanje Fammar. Akwai wani abokina da bashi da lafiya.

Laraba 15, Fammar, azahar

Na samu abokin nawa a gona yana sassabe. Ashe ya warke tun kafin sallah. Toh ai zumunci ne, ba sai mutum yana kwance ba. Na zauna gindin ɗorawa na bashi labarin teburin, nace da hannuna ɗaya nake riƙe dashi a sama. Ya yarda.

Babu wanda ya aike ni. Ni naga dama.

Alhamis 16, la'asar

Jiya Malama da kanta ta riƙe famfon tunda bana nan. Inji a kashe. Layi ya kwanta sumul tun safe har yamma.

Dakta yace toh gani ya kori ji.

Yaje gurin mai gari. An yanke: injin bazai tashi ba daga safe sai bayan la'asar, har zuwa ranar da za'a samo tarakta a tumɓuke shi daga kan fa a kai shi ƙetaren rafi. Asabar ta sama aka sa. Ƙetaren rafi babu gida ko ɗaya, in damina ta sauka kuma sai mai kwale-kwale.

Ina gurin. Ba'a tambaye ni ba.

Juma'a 17

Zafi.

Asabar 18, bayan azahar

Na koma kan famfo. Da hagu nake riƙewa yanzu. Shekara nawa dama tana aiki hagu tana zaman banza, ita ma tana da haƙƙi. Dama kuwa na zauna a kanta kamar kaza akan ƙwai. Layi a kwance. Malama tayi awo mai kyau, har ta bani alawa.

Kaga gwani. Ko da hagu.

Lahadi 19, asuba ta wuce

Hadiza ta sauka. Namiji, ƙato, goshinsa irin nawa. Kansa cike da suma baƙa wuluk. Mata suna cewa wannan sumar kakansa take jira.

Na wasa aska. Na mayar zabira.

Litinin 20, la'asar

Shiru yayi yawa a garin nan. Da tun hantsi kake jin tuk tuk tuk, baka ma san kana ji ba sai da aka daina.

Mace bazata jira la'asar da niƙa ba, tuwon dare fa? Yau na haɗu da ayarin mata da kwarya a ka sun nufi injin ƙauyen Zurgu a wannan ranar. Wata tace Hannun Dutse, ka gaida mana teburinka, kace muna masa sannu da hutawa. Nace zai ji.

Na biyo ta gurin Ramlatu. Kwano biyu ne kacal a layi. Tana goge injin da tsumma, shi da ba aiki yayi ba.

Nace matar yaya, an zama 'yan hutu.

Tace mijin wahala, in baka da niƙa ka wuce. Sannan tace, Badamasi kai da kake cikin ɗakin, tsakaninka da Allah injin nan ne? Alu ya kafa shi da hannunsa. Inda ya ɗora shi nake so ya mutu.

Nace na'ura bata ƙarya.

Gaskiya ne ai. Bata ƙarya.

Laraba 22

Hagu tana gajiya da wuri. Ba komai.

Alhamis 23, bayan azahar

Yau Malama ta tsayar da aiki da wuri. Dakta baya nan, yaje Kano. Ta zauna tana kallon bango, ba ni take kallo ba.

Tace Baba Badamasi, ranar da muka kai tayoyi na bar kunne ɗaya a gindin injin. Jiya na zauna na haɗa zanensa da wanda ya ɓata min awo.

Nace madalla da ƙoƙari.

Tace injin kiɗansa ɗaya ne, baya ƙari baya ragi. Na teburina kuwa yana sauri yana lafawa. Kuma na lura duk sanda Dakta ya shigo ɗakin sai ya ƙaru. Baba, inji baya jin tsoron Dakta.

Nace wataƙila wannan injin mai kunya ne, na gidanmu ne.

Bata yi dariya ba, ita da take dariya ko nace ina kwana. Tace ta gayawa Dakta, yace ai an gwada, an kashe inji layi ya kwanta, me kuma ake nema. Tace bani da abinda zan nuna masa sai in an nuna min. Ni dai abinda kunne yaji na faɗa.

Ta miƙo min alawa. Na karɓa da hagu. Ta gani.

Yarinyar nan zata zama dakta, babu shakka.

Juma'a 24, bayan masallaci

Tarakta ta lalace, an ɗaga zuwa Litinin. Kaga ikon Allah.

Asabar 25

Gobe suna. Na wasa aska.

Lahadi 26, la'asar

Anyi suna lafiya. Khalid. Rago ƙato, ni na zaɓo.

Da aka fito da yaron tsakar gida aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, mata suka kewaye, na buɗe zabira. Na ɗauko aska. Kan yaron taushi kamar gwanda, maɗigarsa tana bugawa a hankali, ana gani.

Na daɗe ina kallonta.

Sai nace ina Jabiru? Jabiru wanzamin Fammar ne, yazo cin tuwo. Nace zo nan, yau na ɗaukaka ka. Babban wanzami baya yiwa jikansa aski, sai dai ya tsaya yana gyarawa na ƙasa.

Wata tsohuwa tace yaushe aka fara wannan? Ubanka shi ya aske 'ya'yanka duka.

Nace sabuwar doka ce, daga Kano.

Akai dariya. Jabiru yayi askin, ba laifi, ya bar 'yar suma bayan kunne, na nuna masa. Ramlatu tana can gefe tana rabon waina, bata tsokane ni ba. Da ita ce zata fara.

Da mutane suka watse Iya ta kira ni ɗaki. Idonta baya gani sosai amma ta kamo hannuna na dama, bata lalube ba. Ta riƙe shi cikin nata biyu kamar wanda ya kama ɗan tsako. Mun daɗe a haka.

Tace Auta, kan jikanka ka tausaya masa. Matar ɗan'uwanka fa?

Nace Iya waina ta ƙare ne?

Tace tashi ka bani guri.

Litinin 27, bayan azahar

Zan rubuta yadda akai, in ya karkace ya karkace.

Da safe na biyo ta gindin fa. Tarakta ta zo, ƙarti suna kwance ƙusoshi, an zagaya injin da sarƙa. Ramlatu tana zaune akan buhu babu komai a ciki, yaranta a tsaye bayanta.

Nace matar yaya, an tashi lafiya?

Tace lafiya lau Malam Badamasi, ina kwana.

Malam Badamasi. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu amarya nake sarkin ƙarya, nake mijin wahala. Yau na zama Malam.

Na hau fa. Ban san ina da sauri haka ba. Na cire takalmi na shiga, Dakta da Malama suna gaban kwamfuta.

Nace Dakta, inji a kashe yake ko?

Yace a kashe, yau ma za'a ɗauke shi.

Nace toh ku kalli talabijin ɗinku.

Na zaro dama daga aljihu na ɗora akan famfo. Zarto ya fito, manyan haƙora, yafi na da. Na ɗauke. Layi ya kwanta. Na mayar. Ya tashi. Na ɗauke.

Dakta ya cire tabarau. Ya kalli kwamfuta, ya kalli hannun. Hannun kuwa bai ji kunya ba, yana ta abinsa, babban yatsa yana murza na kusa dashi kamar mai jan carbi.

Nace duk Rano da Kibiya waye ya taɓa girgiza tebur mai nauyin saniya biyu da yatsa uku? Ku rubuta sunana a littafinku.

Babu wanda yayi dariya. Ban taɓa faɗar magana ta faɗi ƙasa haka ba.

Dakta yace ranar gwaji kana ina?

Nace Fammar.

Yace da ka dawo fa?

Nace da hagu nake riƙewa.

Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauki waya ya fita da sauri ko takalmi bai saka ba, ina jinsa yana cewa ku tsaya, ku kwance sarƙar, kar ku taɓa shi.

Malama tace Baba kawo hannun. Ta ɗauko kunne ɗaya da salatef zata manna min. Na janye. Tace au, wanzami baya son jarfa? Na miƙa. Zanen hannuna da zanen da ya ɓata mata awo, uwa ɗaya uba ɗaya. Tace sannu Baba. Nace sannu da me, ai kin samu abin awo kyauta.

Talata 28

Ban fita ba.

Laraba 29, la'asar

Dakta yazo har gida, ya zauna akan tabarma ya gaida Iya. Yace rabin kuskuren nasu ne, bai kamata a ɗaure famfo a jikin tebur ba tun farko, ko hannun waye. Sun cire shi sun kafe a bango, sun haɗa da dogon tiyo mai laushi, ko rawa mutum yake bazata kai ga tebur ba. Ɗaya rabin bai faɗi na waye ba. Nima ban tambaya ba.

Yace yaje ya bawa Ramlatu haƙuri gaban mai gari. Yace ranar Litinin motar cibiya zata Kano, in bi su a kaini asibiti, akwai likitocin wannan abin, ana samun sauƙi da magani. Nace zanje in ga ko zasu koyi wani abu.

Yace kujerarka tana nan gefen bango. Nace da hagu ko da dama? Yace da wacce ka ga dama.

Alhamis 30, hantsi

Jabiru yazo gaisuwa. Na bashi zabira, da askar babana a ciki. Nace aro ne, kar ya ɗauka gado. Ya karɓa da hannu biyu. Yaron banza har da hawaye.

Juma'a 1 ga wata biyar, bayan masallaci

Injin yana aiki tun Talata. Malama tace tayoyin nan sun yi amfani, da ƙyar kunne yake jinsa. Amma rabin matan basu dawo ba, sun saba da Zurgu, wai garin can yafi laushi. Ƙarya ne.

Na wuce ta gurin sau biyu. Ramlatu bata ɗago ba. Nayi sallama, yaranta suka amsa.

Da la'asar na zagaya gida gida. Nace duk matar da ta kai niƙa Zurgu, ranar sunan ɗanta ni da kaina zanyi askin, da dama. Sunyi dariya har da riƙe ciki. Wata tace Allah ya shirye ka Hannun Dutse. Nace sunan ya canza, yanzu Hannun Inji.

Asabar 2, azahar

Da hantsi ina zaune a zaure injin ya tashi. Tuk tuk tuk tuk. Na leƙa, kwanuka sun kai bakin hanya. Na ɗora hannun a gwiwa ina saurare. Tare suke tafiya shi da injin, sai dai nawa yafi iya kiɗa, yana da salo.

Can sai ga Ramlatu da kanta, fari fat har gira, da kwano a rufe. Bata yi min sallama ba, Iya ta yiwa. Ta dire kwanon gabana ta buɗe. Kunu, na garin yau, da zafinsa.

Rabin kwano.

Nace matar yaya, ke ma rowar?

Tace sha, sarkin ƙarya. In ka shanye in ƙaro.

Na ɗauka da dama. Ko ɗigo bai zuba ba.